Da Wane Mudu Za Mu Auna Ta?

Mutanen Daura sun iya tunawa da na dā. Yaro ƙarami a garin, in ka tambaye shi, zai kai ka rijiyar Kusugu, ya ba ka labarin macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya kashe shi, da sarauniya Daurama wadda ta aure shi. Maroƙan fada kuwa suna jera sunayen sarakuna, tun daga matan da aka ce sun riƙi ƙasar kafin maza, har zuwa Sarki Abdurrahman wanda ya rasu a 1966, da Muhammadu Bashar wanda ya gaje shi, da Umar Faruk Umar wanda ya hau gadon a 2007. A watan Yuli na 2025 kuma kowa ya ga yadda garin ya cika ya batse sa'ad da aka kawo gawar Muhammadu Buhari daga Landan aka binne shi a gidansa. Manya suka zo daga nesa, jaridu suka yi kwanaki suna ba da tarihinsa.

Ba mu da ƙorafi a kan wannan, gama Littafi Mai-tsarki ya umurce mu mu ba da girma ga wanda girma ya cancance shi. Amma akwai wata a cikin labarin Bayajidda wadda akan ambata a guje a wuce, watau Ayana, tsohuwar da ta sauke shi. Ba ta da sarauta, ba ta da takobi. Ta buɗe wa baƙo ƙofa da dare, ya roƙi ruwa, ta faɗa masa gaskiyar halin da gari yake ciki. Zancenmu na wannan wata a kan irin su Ayana ne: matar da ta yi zamanta a ƙaramin gari, ta haifa, ta rena, ta yi sujada, ta yi sana'a, ta mutu. Da me za a tuna da ita? Wane mudu za a sa a auna ranta?

Ku masu-karatu kun san al'adar Ekklesiyoyinmu ran jana'iza. Wani ya tashi da takarda ya karanta tarihin marigayiya. An haife ta a wuri kaza, an yi mata baftisma a shekara kaza, ta yi aure, ta riƙe ma'aji a Zumuntar Mata, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Sai a ce ta yi tsere mai-kyau, a zauna. In an ambaci sana'arta, kalma biyu ce: 'yar kasuwa. Sau da yawa ko wannan ba a faɗa, sai ka ce abin kunya ne. Ke nan an ɗauki kwana ɗaya na mako an auna shi, an zubar da shida.

Bari mu ba ku labarin wata domin zancen ya tsaya da ƙafafunsa. Ta zauna a wani ƙaramin gari na ƙasar Daura, inda masu-bi ba su fi a lissafta su da yatsu gida gida ba. Ba za mu rubuta sunanta ba, gama 'ya'yanta suna nan. Ko da ranta ma ba a cika jin sunan ba. Mijinta ba ya kiransa saboda kunya irin tamu. 'Ya'yanta Inna suke cewa. A ɗakin sujada Mama ce. Mutanen gari kuwa, yaro da babba, Mai-ƙuli suke ce mata. An haife ta a wani ƙauyen Maguzawa na ƙasar Kano, inda bishara ta shiga ta bakin masu-wa'azin da mishan ta koyar, aure kuma ya kawo ta arewa. Ba ta ƙirga shekaru da lamba, da al'amura take ƙirgawa. Takan ce tana amarya aka janye fam da sule aka kawo naira, watau 1973 ke nan. Karatunta na yamma ne, irin wanda ake koya wa manya a ɗakin sujada, har ta iya bin Linjila da yatsa a hankali. Rubutu kuwa bai zauna mata ba.

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda bai taɓa tsayawa ya duba aikin nan ba yakan ɗauka ƙaramin abu ne. Da kaka za ta sayi gyaɗa tiya tiya, gwargwadon jarinta, ta adana. Ta soya a kasko tana juyawa kada ta ƙone, gama in ta ƙone mai ya yi baƙi, ƙuli ya yi ɗaci. Ta murje, ta sheƙe ɓawo, ta kai inji. A farkon zamanta kuwa a turmi take dakawa. Sa'an nan babban aikin: a zuba ruwan zafi kaɗan kaɗan ana tuƙawa har mai ya fara tasowa, a matse tunkuza da hannu har kafaɗu su gaji, a mulmula, a toya cikin man da ya fito daga jikinta. Tun asuba ake farawa. Riba kuwa siririya ce ƙwarai, kuskuren wuta ɗaya ya isa ya cinye ta. Ta fara sana'ar a mummunan lokaci, gama a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa a ƙasar Hausa duka, dalar gyaɗa ta Kano kuma ba ta ƙara tashi kamar dā ba. Gyaɗa ta yi tsada, mata da yawa suka bari. Ita ba ta bari ba. Da wannan kasko aka biya kuɗin makaranta, aka sayi magani, aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, aka riƙe gida shekarun da miji ya kwanta ciwo.

To, ga tambayar da muke so mu duba sosai. Wannan aiki na kwana shida, yana cikin ibadarta, ko kuwa abin da take yi ne kawai domin a ci a rayu har Lahadi ta zago?

Akwai 'yan'uwa, masu-tsoron Allah kuwa, waɗanda za su ce ciniki na duniya ne. Mai-ciniki riba yake nema, ba rayuka ba. Arne ma yana toya ƙuli mai-daɗi. Saboda haka abin da ya kamata a tuna a gaban jama'ar Allah shi ne baikonta, da waƙarta, da zuwanta gaida marasa lafiya. Maganarsu tana da ƙashi, kada mu yi saurin ture ta. Gaskiya ne kasuwa tana da tarko. Annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwan zamaninsa waɗanda suke ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma ciniki, suna rage ma'auni, suna haɗa hatsi da ƙaiƙayi. Duk wanda ya taɓa sayen gero da bugaggen mudu ya san mutanen Amos ba su ƙare ba.

Amma mu lura da abin da wannan tsautawa take nunawa. Da ciniki ba ruwan Allah da shi, da bai aiko annabi a kan mudu ba. A cikin Kubawar Shari'a sura 25 an hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, an kuma sa wannan cikin abubuwan da Ubangiji yake ƙyama. Ashe idonsa yana kan mudu kamar yadda yake kan bagadi. In kuwa mudun zalunci zunubi ne a gabansa, ƙaƙa za mu ce mudun gaskiya ba kome ba ne?

Matar nan mudu ɗaya gare ta. Da shi take saye, da shi take sayarwa. Ba ta yin algus, ba ta haɗa manta da wani mai mai-araha, ko a lokacin da kowa ya san ana yi. In ƙulin jiya ne takan ce na jiya ne. In yaro aka aiko takan ƙara masa gyara kamar yadda za ta ƙara wa uwarsa, ta ƙulle masa canji a bakin riga. Maƙwabtanta Musulmi ne kusan dukansu. Ba su taɓa shiga ɗakin sujada ba, ba su taɓa jin wa'azinmu ba, ba sa karanta wannan mujalla. Abin da suka sani game da Almasihu, yawancinsa daga kwalbar man nan suka san shi, shekara bisa shekara. Mu masu-wa'azi muna magana rabin sa'a a mako ga waɗanda sun riga sun yarda. Ita kuwa kowace safiya ana gwada ta a gaban waɗanda ba su yarda ba, kuma ba da baki ake gwajin ba.

Akwai kuma zancen Lahadi. Babbar kasuwar wannan yanki ita ce ta Mai'adua, kusa da iyakar Nijar, inda ake kawo shanu da raƙuma da hatsi daga ƙasashen biyu. Ran Lahadi take ci. Mai-sana'ar da yake so ya sayi gyaɗa da sauƙi, ya kuma sayar da mai da daraja, can zai nufa. Ita ba ta zuwa. Sai ta jira waɗanda suka je su dawo, ta saya a hannunsu da ƙarin ribarsu. Ku lissafta wannan ƙari mako mako har shekara arba'in da ɗoriya, ku ga ko akwai baikon da ta taɓa sakawa a faranti da ya kai shi. Ba a rubuta shi a littafin ma'aji ba, ba a kuwa karanta shi ran jana'iza. Ba muna kafa doka da wannan ba. Mun san masu-bi na kirki waɗanda suke tashi daga sujada su hau mota zuwa Mai'adua domin tilas, kuma ba mu ne za mu yanke musu hukunci ba. Muna cewa ne kawai, ita ta zaɓa, zaɓin kuma ya ci mata kuɗi, ta kuwa sani.

Littafi Mai-tsarki bai ji kunyar sana'ar mata ba. Sa'ad da Luka ya ba da labarin Lidiya, mace ta fari da aka ambata ta ba da gaskiya a Filibi, ya faɗi garinsu, Tayatira, ya faɗi abin da take sayarwa, watau tufafin shunayya, kafin ya faɗi baftismarta. Dokas ta Yafa kuwa, sa'ad da ta mutu, gwauraye ba takarda suka karanta wa Bitrus ba. Riguna suka ɗaga suka nuna masa, aikin hannunta. Macen kirki ta sura ta ƙarshe a littafin Misalai tana sayen gona, tana saƙa, tana sayar wa fatake. In aka kawo ta jana'izarmu ta yau, muna tsoron za a taƙaita ta da kalma biyun nan.

Yanzu sai mu juya mudun mu dubi gindinsa, gama ba mu so mu mai da matar nan waliyyiya ta takarda. Tana da zafin baki. A kan bashi kuwa ba ta da sauƙi. Da yake ba ta rubutu, da gawayi take zana bashi a bangon ɗakinta, kowane gida da layinsa, kuma ba ta mantawa. Matar da ta yi jinkirin biya za ta ji maganar a bakin rijiya, a gaban mutane. An taɓa yin wata da watanni ba ta gaisawa da wata 'yar'uwa a Zumunta saboda kuɗin adashi, suna kuwa zama a benci ɗaya suna raira waƙa ɗaya.

Abu mafi nauyi shi ne na babbar 'yarta. Matar aure a ƙasarmu ba ta cika zaman kasuwa ba, yarinya ce ƙafarta. Tun 1976 gwamnati ta buɗe makarantar firamare kyauta ga kowa, amma a shekarun fari na 1983 da 1984, da miji a kwance, sai aka cire yarinyar daga aji aka aza mata tire. Ta yi talla gida gida, da tasha, har ta isa aure. Ƙannenta duka sun yi karatu, akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai ma'aikaciyar jinya. Ita kuwa har yau sai an karanta mata takarda. Sa'ad da ake yabon uwar cewa ta ilimantar da 'ya'yanta da ƙuli-ƙuli, akwai mace ɗaya a zaune wadda ta san da kan wa aka ɗauki ƙulin.

Ya kamata a faɗi wannan? Al'adarmu ta ce ba a tonon asirin mamaci, kuma akwai alheri cikin al'adar, gama wanda ya tafi ba shi da bakin kāre kansa. Ba mu ce a mai da jana'iza kotu ba. Amma akwai bambanci tsakanin tonon asiri da ɓoye hakkin mai-rai. In aka yabi uwar aka yi shiru a kan 'yar, an auna da mudu biyu, abin da ita marigayiyar ba ta yarda ta yi ba a cinikinta. Marubutan Littafi Mai-tsarki ba su ɓoye dariyar Saratu ba, ko wayon Rifkatu, ko gunagunin Marta, duk da haka ba mu rena su. Saboda wannan ne ma muka gaskata sauran labarinsu. Yabo marar gauraye ba ya taimakon kowa. Yarinyar da take zaune a bayan ɗaki tana ji za ta ce a ranta, wannan ba mutum ba ce irina, ba zan iya binta ba. Amma in ta ji cewa mace mai-zafin baki, wadda yunwa ta taɓa matsa wa har ta yi abin da ya dame ta daga baya, ta riƙe gaskiya a mudu har tsufa, sai ta ga hanya.

Ya kuwa dame ta. A shekarunta na ƙarshe ta ce mana, “Pasto, Allah ya gafarta mini na yarinyar nan. Sauran na biya musu, ita ce ta biya mini.” Kuma ita ce da kanta ta ɗauki nauyin makarantar 'ya'yan wannan 'ya. Zafinta a kan bashi ma ya yi sanyi. A farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun kuɗi, kuɗin hannu ya ɓace a gari, mutane suna kwana a layin banki, ta yi ta ba da mai bashi ga gidajen da ta san ba su da halin biya, kuma ba duka ta zana a bango ba.

Wani zai ce, ai Allah ya sani, me ya sa za mu damu da tunawa? Gaskiya ne ya sani. A cikin Romawa sura 16 Bulus ya gai da uwar Rufus, ya ce ita uwa ce a gare shi shi ma, bai kuwa faɗi sunanta ba. Matar da ta zuba wa Ubangiji turare a Baitanya, Markus bai ba mu sunanta ba, amma an yi alkawari za a riƙa ba da labarin abin da ta yi ko'ina. Ashe ɓacewar suna ba ita ce hasara ba. Hasarar ita ce ɓacewar aikin, a rasa mai-faɗin abin da aka yi da yadda aka yi shi. Wannan kuwa ba Allah ne yake bukatarsa ba, mu ne.

Abin kunya ne kaɗan a ce baƙi sun riga mu gane wannan. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau tana sauraron wata tsohuwa Musulma da ake kira Baba ta Karo, tana rubuta abin da take faɗi: yarintarta, aurenta huɗu, harin masu-kama bayi, ƙawance, kaɗi da sana'o'in mata. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a Ingila a 1954, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ba sarauniya ba ce, ba ta ma haihu ba. An dai sami wadda ta zauna ta tambaye ta, ita kuma ta faɗi daɗi da ɗaci. A 1967 wata kuma, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta lura cewa babban ciniki yana gudana a cikin gidaje ta hannun mata da yaran da suke aika, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. A wurin masu-bincike ɓoyayye ne domin katanga ta tare su. Mu da muka ci muka girma da shi, wace katanga ce ta tare mu?

Tsofaffin matan da suka ga shigowar bishara ƙauyukanmu, suka koyi karatu da Littafi Mai-tsarki na Hausa wanda aka fara bugawa a 1932, suka dafa wa taro abinci da hatsin rumbunsu, suna ƙarewa ɗaya ɗaya. Muna roƙon dattawan kowace Ekklesiya da shugabannin Zumuntar Mata su zaɓi matasa biyu masu-rubutu, su saya musu littafi, su aike su wurin tsofaffin tun suna da ƙarfin magana. Kada a tsaya ga ranar baftisma da muƙamai. A tambaye ta da nawa ta fara jari, wa ya ba ta, wace shekara ce ta fi wuya, me ta sayar domin a rayu, wa ya taimake ta cikin maƙwabta ko da ba mai-bi ba ne, wane yaro ne ya ɗauki tire. In ta yarda, a kira 'yar da ta yi tallar ta zauna a wurin, ita ma a rubuta nata. A karanta wa tsohuwar abin da aka rubuta ta gyara da bakinta, sa'an nan a ajiye littafin tare da littafin ma'aji, inda gara ba za ta kai ba.